Memuwar ɗin Habsatu

Shagon Munkaila yana bakin hanyar da ta nufi tashar motocin Matameye, tsakanin mai facin taya da rumfar wani mai shayi. Ɗaki ɗaya ne da benci a ƙofa. A ciki akwai injin fotokopi, da impirimant mai fitar da hoto mai launi, da tsohuwar ordinatur, wato kwamfuta, da ya sayo a Damagaram shekara bakwai da suka wuce. Da ita yake buga wa mutane takardun neman aiki, da katin gayyatar suna, da wasiƙun da ake kai wa meri, ofishin magajin gari. Bai yi karatun na'ura ba. Abin da ya iya duk da hannu ya koya, yana dannawa yana ganin abin da zai faru. Ordinatur ɗin ta daɗe ba ta da lafiya. Takan yi nauyi, takan buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba, wani lokaci ta mutu ana tsakar aiki. Munkaila sai ya ɗan mare ta a gefe, ya jira ta farfaɗo.

Wata Talata cikin bazara, da hantsi, wata mata ta shigo da wani mutum dogo mai jaka a kafaɗa. Mutumin ya yi sallama, ya ce sunansa Ummaru, daga Dungu suke, wannan kuma Habsatu ce, matar yayansa Inusa.

Habsatu ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ƙullin leda. Cikin ledar akwai takarda a naɗe, cikin takardar kuma ɗan memuwar na waya, bai kai farcen babban yatsa ba.

"Hoto za ka fitar mana, Malam," in ji ta. "Babba, yadda za a iya karanta rubutun da ke bayansa."

Ummaru ne ya yi bayani, yana tsaye don ya ƙi zama. Inusa ya tafi cin rani Fatakwal tun bayan girbi, kamar yadda ya saba. A bana ya sami aikin gadi a wani wurin sayar da kayan gini. Wata biyu da rabi ke nan lambarsa ba ta shiga. Duk waɗanda suka tafi tare sun dawo gyaran gona, ba wanda ya san inda yake, don shi a wata unguwa daban ya zauna. Abin da kawai ake da shi, hoton da ya turo wa Habsatu a watan farko: yana tsaye a ƙofar wurin aikin, allon wurin yana bayansa, da suna da lambar waya. Wayar Habsatu kuwa ta faɗa rijiyar lambu makon jiya, ta mutu murus. Memuwar ɗin ne aka ciro aka shanya.

"Jiya mun sa shi a wayar maƙwabciyata," Habsatu ta ce. "Hoton yana nan, na gan shi. Amma gilashin wayar a fashe yake, rubutun bai karantu ba."

"Bayan la'asar motata za ta tashi," in ji Ummaru. "Kano zan kwana, gobe in wuce. Garin nan ba ƙarami ba ne. In ba ni da sunan wurin, ban san ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa ba."

Munkaila ya ce abu ne mai sauƙi, minti biyar. Ya sa memuwar ɗin cikin ɗan akwatin da ke karanta shi, ya soka a ordinatur. Dosiyoyin da hotuna ke ciki suka fito, amma ba yadda ya kamata ba: kowanne da ƴar kibiya a gindinsa, ya danna, ba abin da ya buɗe. Ya san wannan. Ciwon da ordinatur ɗinsa ke sa wa kilen ɗalibai ne, ƴan sandunan nan da ake sokawa a na'ura a ajiye takardu. Ya zare akwatin da sauri, ya hura masa iska, ya mayar. Sai wani saƙo ya fito da Faransanci, yana cewa sai an yi wa faifan nan format kafin a yi aiki da shi. Wani mai son fotokopi yana ƙofa yana kiransa, Ummaru yana ba da labarin wani ɗan Tsauni da ya ce ya taɓa ganin Inusa a masallaci. Sau nawa Munkaila ya danna wannan maɓallin, kilen da ya ƙi buɗewa ya buɗe? Yatsansa ya riga tunaninsa. Ya danna, ya sake dannawa. Wani koren layi ya cika, na'urar ta ce an gama.

Ya buɗe memuwar ɗin. Fari fat. Ba dosiye ko ɗaya.

Gumi ya karyo masa daga tsakiyar kai. Ya rufe, ya buɗe. Ya zare, ya mayar. Ya kashe ordinatur ɗin ya kunna, ya zauna yana kallon ekran, gilashin na'urar.

"Lafiya, Malam?" Habsatu ta matso.

"Memuwar ɗin nan ya sha ruwa," in ji Munkaila, bai dube ta ba. "Ba ya nuna komai."

"Jiya ya nuna."

"Haka suke. Yau su nuna, gobe su ƙi."

Sai ta zauna a ƙasa, nan kan siminti, kusa da injin fotokopi, ta dafe kai da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Har da muryarsa a ciki. Saƙo uku. A na ƙarshe yana cewa a gaida Inna, a ce mata ya sami maganin gwiwar."

Ummaru ya fita ƙofa, ya dawo, ya sake fita.

Munkaila ya yi ta danne-danne. Mutum ɗaya ya sani a garin nan da zai iya sanin abin yi, kuma ita ce wadda ba ya son zuwa wurinta. Madam Sakina, mai koyar da ilmin ordinatur a lise, babbar makarantar sakandare. Bara ta zo buga takardun jarrabawa, kilenta ya kwashi birus, ciwon na'ura, a shagonsa. Ta ce masa a gaban mutane ya bari ta wanke masa na'urar, akwai lojisiyel, wato manhaja, na kyauta da ke yin haka, ba za ta karɓi komai ba. Shi kuwa ya ji kunya, ya ce shekara shida yana aiki da ita ba wanda ya koya masa sana'arsa. Tun ranar ba ta sake taka shagon ba.

Ya dubi matar da ke zaune a ƙasa. Ya miƙe, ya naɗe memuwar ɗin cikin takardarsa, ya ce wa mai fotokopi ya dawo gobe, ya ja ƙofa.

"Ku taso," ya ce. "Akwai wadda za mu gani."

Suka tarar da Madam Sakina ta fito daga aji, alli a hannun rigarta. Ta dubi Munkaila, ta dubi baƙin, ta amsa gaisuwa a taƙaice. Da ta ji abin da ke tafe da su, ba ta tsaya tuna baya ba. Ta kai su wani ɗan ɗaki inda ake ajiye ordinatocin makaranta, ta fito da tata ta hannu daga jaka, da wani kile ja da ke rataye a zaren wuyanta.

"Kafin in taɓa shi, ka faɗa mini abin da ya faru daki-daki," ta ce wa Munkaila. "Me ka gani, me ka danna."

"Ruwa ya sha, Madam. Na sa, bai nuna komai ba."

"Bai nuna komai ba tun farko, ko ya nuna sannan ya daina?"

Munkaila ya dubi ƙasa.

"Malam Munkaila, ba shari'a nake maka ba. In ruwa ne ya kashe shi, hanya daban ce, kuma mai yiwuwa ba ni da abin yi. In birus ne ya ɓoye dosiyoyin, wannan aikin minti biyu ne. In kuma an goge ne, akwai abin da zan gwada, amma sai na san ko an zuba wani abu a kai bayan gogewar. In na bi hanyar da ba ita ba, lokacin da ba mu da shi zan ɓata."

Habsatu tana tsaye a jikin bango, idonta a kansa. Ya cire hula, ya share goshi.

"Ni na goge," ya ce. "Dosiyoyin sun fito da kibiya. Na zare na mayar. Ta ce a yi format, na danna. Ba ruwa ba ne. Ni ne."

Ummaru ya ajiye jakarsa a ƙasa da ƙarfi. "Kai! Kana kallonta ta zauna a ƙasa, ka ce ruwa ne?"

"Bar shi, Ummaru," in ji Habsatu. Muryarta ba ta tashi ba. "Tun daga shagon nake zagin kaina, ina cewa ni na kashe shi da na jefa wayar a rijiya. Tun daga shagon, Malam."

Munkaila ya mayar da hularsa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Bayan ka goge, ka kwafa wani abu a ciki?" Madam Sakina ta tambaya.

"A'a."

"Format ɗin ya daɗe ko nan da nan ya gama?"

"Nan da nan."

"To, da sauran magana." Ta juya ga Habsatu. "Ƴar'uwa, ki saurara. Irin wannan gogewar ba ta share hotunan. Jerin sunayensu take yagewa, sai na'ura ta ɗauka wurin fili ne. Muddin ba a zuba sabon abu a kai ba, suna nan kwance. Ban yi miki alkawari ba, don memuwar ɗin ya sha ruwa da gaske, kuma birus ya taɓa shi. Amma zan nema."

Ta sa memuwar ɗin cikin wani ɗan gida mai faɗi, ta tura wani ƙaramin makulli da ke gefensa, ta ce yanzu ba abin da zai iya rubutu a kansa, karantawa kawai. Ta soka jan kilen, ta tada ordinatur ɗin daga cikinsa. Ta ce duk kayan aikinta suna nan, ba wanda ta saya, mutane ne suka rubuta suka saki kyauta ga duk mai buƙata. Na farko zai kwashe memuwar ɗin gaba ɗaya, da abin da ake gani da wanda ba a gani, ya zuba a cikin ordinatur ɗinta, in ya tarar da wuri mai rauni ya tsallake, daga baya ya dawo masa. A kan wannan kwafin za a yi bincike, don kada a wahalar da memuwar ɗin ya ƙarasa mutuwa a hannunsu.

Ekran ya yi baƙi, fararen lambobi suka fara tafiya. Munkaila bai gane komai a ciki ba sai wuri ɗaya da ta nuna masa, inda ake ƙirga kashi nawa cikin ɗari aka kwashe. Goma. Sha takwas. Ya tsaya a ashirin da uku har Munkaila ya ɗauka ya mutu, sannan ya motsa.

Ana kashi arba'in da ɗaya, fankar silin ta yi ƙara ta fara rage gudu. An ɗauke wuta.

Madam Sakina ta dubi kusurwar ekran, ta ja tsaki. "Batirin nan ya tsufa. In ya yi minti ashirin, ya yi ƙoƙari. In ta mutu za ta ci gaba daga inda ta tsaya, amma ba na son memuwar ɗin nan ya yi ta kunnuwa yana mutuwa. Ban san sau nawa ya rage masa ba."

"Makaranta ba ta da gurup, injin wuta?" Munkaila ya tambaya.

"Tana da shi. Ba mai."

Munkaila ya tuna da Manu, mai cajin wayoyi a bakin kasuwa, wanda ke da pano biyu na hasken rana a kan rumfarsa da manyan batura a ƙarƙashin tebur. Tafiyar minti goma ce ga mai sauri. Madam Sakina ta ce ba za a rufe ordinatur ɗin ba, ba za a girgiza ta ba, kuma kada wani abu ya taɓa memuwar ɗin da ke leƙe a gefe. Babur ɗin kabu-kabu ba zai yiwu ba, ramukan hanya sun yi yawa.

Haka Munkaila ya ɗauke ta a buɗe a kan tafukansa biyu, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. Rana tana tsaka. Habsatu ta cire ƙaramin mayafinta ta riƙe a sama tana yi wa na'urar inuwa, Madam Sakina tana gefe da waya da caja, Ummaru yana gaba yana kore awaki da masu amalanke. Ƙasan ordinatur ɗin ya yi zafi har yana ƙona masa hannu. Yashi yana shiga takalminsa, gumi yana shiga idonsa, ba hannun sharewa. Mutanen da suka san shi suna kira daga rumfuna, "Munkaila, lafiya?" Bai amsa wa kowa ba. Bakinsa yana motsi, shi kansa bai san addu'ar da yake ja ba. Wani jan gargaɗi ya fito a ekran suna daidai wurin masu rake. Ya ƙara sauri ba tare da ya yi gudu ba, gwiwoyinsa a lanƙwashe.

Manu bai tambayi dalili ba. Ya zare wayoyi uku daga layi, ya ba su wuri. Da ƴar fitilar caji ta kama, Munkaila ya zauna a kan wani buhun gawayi, ya ga tafukansa sun yi ja.

Sai kuma zafi. Rumfar kwano ce, iskar cikinta kamar ta bakin tanda. Madam Sakina ta buɗe wani ɗan lojisiyel da ke nuna zafin cikin na'ura, ta ce ya kusa inda za ta kashe kanta. Suka ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Habsatu ta ari mafici wurin wata mai tallan ƙosai, ta durƙusa tana yi mata fifita. Da hannunta ya gaji, Munkaila ya miƙa nasa. Ta dube shi ɗan lokaci kafin ta ba shi.

Aka kira azahar. Suka je sallah bi da bi, don kada a bar na'urar ba mai fifita.

Kwafin ya ƙare wajen ƙarfe biyu da rabi. Madam Sakina ta ce akwai ɗan wurin da ya ƙi karantuwa sam, amma kaɗan ne. Ta zare memuwar ɗin, ta miƙa wa Habsatu, ta ce ta ƙulle abinta. Sannan ta buɗe na biyun, wanda ta kira PhotoRec. Shi ma baƙin ekran ne, ba ado. Ta ce wannan ba ruwansa da sunaye, bi yake yi lungu-lungu, duk inda ya ga abin da ya yi kama da farkon hoto ko murya sai ya ɗauko.

Lambobi suka fara hawa. Hoto ɗari. Ɗari huɗu. Dubu da wani abu.

"Dubu?" in ji Habsatu. "Ni hotunana ba su kai hamsin ba."

"Sabo kika sayi memuwar ɗin?"

"Maigidana ne ya sayo shi a hannun wani."

"To, har da na mai shi na farko."

Haka kuwa aka yi. Da aka buɗe, ba hoto ɗaya mai suna, sai lambobi. Ga bikin wasu mutane da ba wanda ya sani. Ga motoci, ga ƴan ƙwallo, ga katunan barka da Juma'a birjik, ga wani jariri cikin baho an ɗauke shi sau talatin. Wasu hotunan rabi ne, wasu toka-toka. Madam Sakina tana wucewa da su da sauri, kawuna huɗu sun haɗu a kan ekran. Wayar Ummaru ta yi ƙara. Direba ne, yana cewa saura mutum biyu mota ta cika, in an yi la'asar ba zai jira kowa ba.

"Tsaya!" Habsatu ta dafa hannun Madam Sakina. "Koma baya. Ga shi."

Inusa ne, cikin shuɗiyar riga, da sanda a hannu, yana murmushi. Amma hoton ɗan mitsitsi ne. Da aka faɗaɗa shi, fuskar ta narke, allon ya zama dabbare-dabbare.

"Wannan ɗan samfurin da waya ke ajiyewa ne," in ji Madam Sakina. "Na ainihin ya fi shi nauyi, in yana nan."

"In ba ya nan fa?" Munkaila ya tambaya.

Ta sa na'urar ta jera hotunan daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, ta fara daga sama. Bikin baƙi. Jariri. Jariri. Wata gonar albasa, Habsatu ta ce tasu ce. Ladan ya fara gyaran murya a lasifikar masallacin kasuwa. Ummaru ya ɗauki jakarsa, ya rataya, ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

Hoto na sittin da wani abu ya buɗe daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Sararin sama. Rufin kwano. Allo fari da jan rubutu. Hula. Fuskar Inusa tas, har da tabon da ke gefen girarsa. Daga ƙirjinsa zuwa ƙasa kuwa ba komai sai toka, wurin da ya lalace ke nan.

Habsatu ta sa hannu ta rufe bakinta.

Sunan wurin ya fito sarai, da sunan titi. Lambar waya tana ƙasan allon, manyan baƙaƙe. Munkaila ya karanta da ƙarfi, Ummaru yana rubutawa a bayan tikitinsa. Sai ya tsaya. Lamba ta ƙarshe tana bayan hular Inusa.

"Goma ne kawai," in ji Madam Sakina. "Daga sifiri zuwa tara. Ku gwada."

Ummaru ne mai ɗan Turancin cin rani, shi ya riƙe waya. Ta farko ba ta shiga ba. Ta biyu wata mata ta ɗauka, ta yi masa faɗa ta kashe. Ta uku a kashe. Aka tada sallah, ba wanda ya motsa daga rumfar. Ta huɗu ta yi ta ƙara har ta katse. A ta biyar wani mutum ya ɗauka, ana jin ƙarar ƙarafa a bayansa. Ummaru ya ambaci sunan wurin, ya ambaci Inusa, mai gadi, ɗan Nijar. Sai fuskarsa ta canza. Ya toshe ɗaya kunnen, ya juya baya, yana ta cewa a maimaita.

Da ya sauke wayar, ya juyo wurinsu.

"Ya san shi. Ya ce rodi ne ya zubo daga mota ya danne masa ƙafa, fiye da wata biyu ke nan. Wayarsa ma a nan ta farfashe. Wasu Hausawa masu sayar da goro suka ɗauke shi, suka ce za su kai shi wurin mai ɗori. Bai san wace unguwa ba. Amma ya ce masu goron suna nan bakin titin kullum."

"Yana da rai?" Habsatu ta tambaya.

"Ya ce da ransa aka ɗauke shi. Iyakar abin da ya sani ke nan."

Ba lokacin buga hoto, kuma ba wuta a shago. Madam Sakina ta tura shi cikin wayar Ummaru, ta sa ya buɗe a gabanta ya tabbatar. Ya ruga tasha, jakar tana dukan bayansa. Habsatu ta zauna a kan bulon da aka sauke na'urar daga kai. Madam Sakina ta ci gaba da tono cikin abin da aka kwaso, ta sami muryoyi biyu cikin ukun. Ta sa mata abin ji a kunne. Munkaila ya fita ya tsaya a rana don kada ya ga fuskarta.

Da za su rabu ya ce, "Malama Habsatu, ki yafe mini."

"Ka bari in ji labarinsa tukuna," ta ce. Ta hau motar Dungu.

Kwanakin da suka biyo baya Munkaila bai karɓi kile ko memuwar na kowa ba. Fotokopi kawai yake yi. Ranar Asabar ya ɗauki ordinatur ɗinsa a amalanke ya kai wa Madam Sakina. Ta tada ta daga jan kilen, ta sa mai farautar birus ya yi wuni yana aiki, ta buɗe cikinta ta fitar da ƙura da gashin kaza da gawar ƙadangare. Wani lojisiyel ɗin kuma ya duba faifan ciki, ya ce ya kusa gajiya, a kwashe abin da ke kai tun da wuri. Ta sa shi ya sayo kile sabo, ta zuba masa irin kayan nata, ta zaunar da shi yana gwadawa a kan wani tsohon memuwar har ya iya da kansa. Ko sau ɗaya ba ta ambaci maganar bara ba. Shi dai kullum in waya ta yi ƙara sai ya yi wuf ya ɗauka, ko da yake ya san ba wanda zai kira shi a kan wannan magana.

Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyar Ummaru, ranar kasuwa, ya ɗaga kai ya ga Habsatu a bakin benci. Ba ta shigo ba.

"An same shi," ta ce. "Yana gidan mai ɗorin, a wani ɗaki da mutum shida. Ƙafar ta haɗu a karkace, ba ya iya takawa. Ya rame, in ji Ummaru, amma ya yi magana da ni. Ya ce lambata ba ta kansa, a waya take, shi ya sa bai kira ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Munkaila. Ya dafa tebur. "Alhamdu lillahi."

"Bana ba zai yi noma ba. Likita za mu kai shi Damagaram, wai sai an sake karya ta." Ta gyara ƙullin da ke kanta. "Alhamis za su iso Ɗan Barto, kan iyaka. Ba ya iya zama a kujera, sai a kwance. Na zaga tasha, duk wanda na tambaya sai ya ce motarsa ta fasinja ce."

Munkaila ya ɗan yi tunani. Akwai Yahaya, wanda ke ɗaukar rake zuwa Kance da wata mota mai buɗaɗɗen baya. In aka shimfiɗa katifa, aka ɗaura tampol saboda rana, mutum zai kwanta sosai.

"Zauna a benci, Malama," ya ce. "Akwai wani mai mota da na sani. Yanzu yana wajen masu awo, in ban yi sauri ba zai fita."

Ya zura takalmi, ya bar shagon a buɗe, ya tsallaka titi.